Shin Ko Kun San? Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Shin ko kun san cewa a dokokin yawancin ƙasashen duniya, mutumin da kuke kallo a cikin fim ba shi da ko taƙi a mallakar fim ɗin? Ko da fuskarsa ce ta cika allo tun daga farko har ƙarshe, mai fim shi ne wanda ya zuba kuɗi, ya riƙe takardar da aka sa wa hannu. A Amurka, dokar haƙƙin mallaka ta 1976 ta ce idan kamfani ya ɗauki mutum aiki ya biya shi, kamfanin ne ake ƙirgawa a matsayin wanda ya ƙirƙiri aikin. Irin wannan mallaka tana kai shekara 95 daga ranar da aka saki fim. Yarinyar da aka ɗauka tana da shekara 20, sai ta kai 115 kafin hoton nata ya fita daga hannun kamfani.

Na san wasu za su ce me ya kai mu ga maganar fina-finan batsa, waɗanda samari ke kira bulu fim. Harka ce da addininmu da tarbiyyarmu suka yi tir da ita, kuma ban zo wanke ta ba. Abin da ya sa na ɗauko ta shi ne, a nan ne ɓarakar wannan doka ta fi fitowa fili, a nan ne ta fi cin mutane, yawancinsu mata. Sannan hukunce-hukuncen da kotuna suka yanke a kanta sun shafi duk wanda ke riƙe da waya mai kyamara a yau.

Shin ko kun san cewa 'yan wasan Hollywood ma sai da suka yi yajin aiki kafin a fara ba su wani kaso idan an sake nuna fim ɗinsu? A 1960 aka yi shi, kuma shugaban ƙungiyarsu a lokacin shi ne Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. Daga nan ne aka amince cewa duk fim ɗin da aka shirya daga wannan shekara, idan an haska shi a talabijin, jarumai na da rabonsu. Masana'antar batsa ba ta taɓa samun irin wannan tsari ba. Al'adarta ita ce a biya mutum kuɗin fitowa ɗaya, a sallame shi a ranar. Kamfani kuma ya yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, ya haɗa da wasu, ya canza masa suna, ya sayar sau ɗari, babu sisin da zai koma wa mai fuskar.

Shin ko kun san cewa yarjejeniyar duniya ta farko da ta kare masu wasa ita da kanta ta cire 'yan fim? An ƙulla ta a birnin Rum a 1961. Sashe na 19 ya ce da zarar ɗan wasa ya yarda an ɗauke shi a fim, kariyar da aka tanadar masa ta faɗi. A 1996 aka sake wata a Janiba, ita ma mawaƙa da makaɗa ta rufa wa asiri, muryar da ke cikin faifai kawai ta sani. Sai a watan Yunin 2012 aka ƙulla ta Beijing domin masu fitowa a hoto mai motsi, ba ta kuma fara aiki ba sai 28 ga Afrilun 2020. Nijeriya ta amince da ita tun 2017, sabuwar dokarmu ta haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta tanadi haƙƙin masu wasa. Amurka, uwar fina-finai, ta sa hannu a Beijing amma majalisarta ba ta tabbatar ba. Ko ita yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa damar cewa haƙƙin ya koma hannun furodusa da zarar an yarda a ɗauka.

Shin ko kun san cewa a da, kotunan Turawa ba sa sauraron ƙarar satar fasaha idan aikin na rashin kunya ne? A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wata marubuciya a Ingila mai suna Elinor Glyn ta kai ƙarar wani kamfanin fim kan cewa ya kwaikwayi littafinta. Alƙali ya kori ƙarar, ya ƙara da cewa littafin da ke ƙawata zina bai cancanci kotu ta tsare masa haƙƙi ba. Haka aka daɗe ana tafiya, wanda ya shigo da hannu mai datti ba a ba shi gaskiya.

A 1979 abin ya juya. Wasu 'yan'uwa biyu daga San Francisco, Jim da Artie Mitchell, suka kai ƙarar wani gidan sinima a jihar Texas da ke haska kwafin sata na fim ɗinsu. Masu sinimar suka ce ai fim ɗin batsa ne, doka ba ta san da zamansa ba, ƙaramar kotu ta yarda da su. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, ta ce dokar haƙƙin mallaka ba ta auna tarbiyyar aiki, ko batsa ce tana da mai ita. Bayan shekara tara, a 1988, kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta wanke wani furodusa mai suna Harold Freeman daga tuhumar kawalci, ta ce biyan mutane su fito a fim daban yake da karuwanci a idon doka. Waɗannan hukunce-hukunce biyu su ne turakun da masana'antar ta kafu a kansu a unguwannin San Fernando da ke gefen Los Angeles. Ku lura da wanda ya ci riba a duka biyun: mai kamfani.

Shin ko kun san cewa matar da ta fito a fim ɗin batsar da ya fi kowanne suna a tarihin Amurka dala 1,250 aka biya, kuma ko su ba su shiga hannunta ba? Sunanta Linda Boreman, fim ɗin ya fito a 1972, ya tara miliyoyin daloli. Mijinta na lokacin ne ya karɓe kuɗin. A 1980 ta fitar da littafi tana bayyana cewa da duka da barazanar bindiga ya tilasta mata. Ta tsaya gaban kwamitin bincike na gwamnatin Amurka a tsakiyar shekarun 1980 ta maimaita wannan magana. Ta koma yaƙi da harkar baki ɗaya, amma har ta mutu a hatsarin mota a 2002 ba ta da ikon hana a sayar da kwafi ko ɗaya.

Shin ko kun san cewa akwai kamfanonin da kotu ta zame musu kasuwa? Dokar Amurka ta ba mai haƙƙi damar neman diyya daga dala 750 zuwa 30,000 a kan kowane aiki guda da aka sata, idan kuma da gangan ne har 150,000. To ga yadda ake yi. Kamfani zai sa ido a kan masu sauke fina-finansa ta hanyar musayar fayil a intanet, ya tattara lambobin layukansu, ya shigar da ƙara a kan wanda ba a san sunansa ba. Kotu ta umarci kamfanin sadarwa ya faɗi sunan mai layin. Sai wata rana magidanci ya buɗe akwatin wasiƙunsa ya tarar da takardar lauya, ɗauke da jerin sunayen fina-finan da ake zarginsa da saukewa, da zaɓi biyu: ko ya biya 'yan dubban daloli a rufe magana, ko sunansa ya fito a takardun kotu kowa ya gani, har da matarsa da shugabansa a wurin aiki. Da yawa sun biya don gudun abin kunya, ciki har da waɗanda wani ne daban ya yi amfani da layinsu.

Wasu lauyoyi biyu, Paul Hansmeier da John Steele, sun wuce gona da iri a wannan sana'a. Su da kansu suka riƙa ɗora fina-finan a shafukan sata a matsayin tarko, wasu ma su suka shirya su, sannan su bi waɗanda suka sauke da barazana. Sun tara kimanin dala miliyan 6 kafin asirinsu ya tonu. A 2019 aka ɗaure Hansmeier shekara 14, Steele shekara 5. Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba, domin kamfanin Strike 3 yana shigar da dubban irin waɗannan ƙararraki a shekara guda. Wani alƙali a Washington, Royce Lamberth, ya ƙi ba shi haɗin kai a 2018, yana ganin tatsar mutane ake yi da tsoron kunya, amma kotun sama ta soke hukuncinsa a 2020. A 2025 kamfanin ya maka Meta, mai Facebook, a kotu, yana zargin an sauke fina-finansa don horar da ƙirƙirarriyar basira. A duk waɗannan shari'o'i ba za ku ga sunan 'yan wasan a layin masu ƙara ba. Ba su da hurumi, tun da ba su ne masu kayan ba.

Kun san kuwa cewa ƙananan hotunan da ke fitowa idan kun yi bincike a Google suna da alaƙa da wannan harka? Wata mujallar hotunan tsiraici mai suna Perfect 10 ce ta kai Google ƙara kan nuna hotunanta a sakamakon bincike. A 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta ce nuna ɗan ƙaramin hoto don shiryar da mai nema halal ne a doka, kuma wannan hukunci na cikin waɗanda manhajojin bincike ke dogaro da su har gobe.

Shin ko kun san cewa a ƙarƙashin dokar Amurka ta 1998, mai haƙƙin mallaka ko wakilinsa ne kawai ke iya tilasta wa shafi ya sauke bidiyo? Dokar ta ce shafi ba shi da laifi kan abin da jama'a suka ɗora, muddin ya cire idan mai kaya ya aiko da takarda. Da wannan inuwa ce shafukan kallon kyauta suka bunƙasa daga wajen 2006, suka cika da kayan sata, suka durƙusar da cinikin faifai, kuɗin da ake biyan 'yan wasa ya ƙara karyewa. Matar da ta tuba ta bar harkar, ta yi aure, ta haihu, idan ta rubuta tana roƙon a cire bidiyonta, amsar da doka ta yarda a ba ta ita ce ba naki ba ne.

Wannan ƙa'ida ta taɓa wani lamari da kowane Musulmi ke tunawa. Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin matan da suka fito a fim ɗin ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya jawo zanga-zanga a duniya har da Kano a 2012, yaudararta aka yi? Sunanta Cindy Lee Garcia. An ce mata fim ne na kasada a hamada a zamanin da, aka biya ta kimanin dala 500. Bayan an gama ɗauka sai aka goge muryarta aka ɗora kalaman ɓatanci a bakinta, a fitowar da ba ta wuce daƙiƙa biyar ba. Barazanar kisa ta yi ta zuwar mata. Ta roƙi YouTube ya sauke, aka ƙi. Ta tafi kotu tana cewa wasan da ta yi mallakarta ne. A 2014 ta yi nasara, aka ba da umarnin saukewa, amma a Mayun 2015 cikakken zaman kotun ya janye umarnin, ya ce fitowar ɗan wasa a cikin fim ba aiki ne mai zaman kansa da za a mallaka ba. Kotun ta yarda an cuce ta, ta ce dai ba ta wannan ƙofa za ta sami magani ba.

Shin ko kun san cewa hoto na wanda ya danna kyamara ne? Idan mace ta ɗauki kanta da wayarta, ita ce mai haƙƙi, tana iya neman a cire. Idan wani ne ya ɗauke ta, shi ke da shi, ko da shi ne ya tona mata asiri. A Amurka kuma kafin ta shigar da ƙarar satar fasaha sai ta yi wa hoton rajista, wato ta aika kwafin abin da take ɓoyewa zuwa ofishin gwamnati. Mu ma nan mun ga irin wannan masifa. A 2007 wani bidiyon sirri da aka ɗauka da waya ya bazu a Kano daga hannu zuwa hannu, har aka dakatar da shirya fina-finan Hausa na wasu watanni. Ba zan kama suna ba, baiwar Allah ta sha abin da ya ishe ta. Abin da na riƙe tun lokacin shi ne, dubban da suka tura wa juna babu wanda ya ji a jikinsa, ita kaɗai ta ɗauki kayan.

An ɗan fara toshe wannan rami. Tun ƙarshen 2021 akwai shafin StopNCII, wanda wata ƙungiyar agaji ta Birtaniya ke gudanarwa. Hoton ba ya barin wayar mai shi, manhajar tana cire masa wata lamba ce kamar zanen yatsa, ta aika wa kamfanoni irin su Facebook da Instagram da TikTok, duk wanda ya yi yunƙurin ɗora mai irin wannan lamba a tare shi. A Mayun 2025 kuma Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa shafuka cire hoton tsiraicin da aka sa ba da yardar mai shi ba cikin awa 48 da samun koke, ko na gaske ne ko na haɗi. Na haɗin ma shi ne sabuwar annoba: wani kamfanin bincike a Amsterdam ya ƙirga bidiyoyin da aka ɗora wa fuskar wani a 2019, ya tarar kashi 96 cikin ɗari na batsa ne. A Yunin 2025 gwamnatin Denmark ta sanar da ƙudurin bai wa kowane mutum haƙƙin mallakar fuskarsa da muryarsa.

Shin ko kun san cewa Japan ta ba 'yan wasan wannan harka damar yin nadama? A Afrilun 2022 ƙasar ta rage shekarun balaga a doka daga 20 zuwa 18, sai aka ji tsoron dillalai za su far wa 'yan makaranta da kwantiragin da ba ya warwaruwa. Cikin watan Yuni majalisa ta yi doka. Dole a bar wata guda tsakanin sa hannu da ɗauka, a bar wata huɗu tsakanin ɗauka da saki. Bayan an saki kuma, mutum na da shekara guda da zai iya soke yarjejeniyar ba tare da ya kawo dalili ba, kamfani ya janye kayansa daga kasuwa. A ganina wannan ce dokar da ta fi fahimtar ɗan Adam a cikin duk waɗanda na ambata, domin ta gane cewa sa hannun da aka yi cikin talauci ko ruɗi a rana ɗaya bai kamata ya ɗaure mutum har kabari ba.

Shin ko kun san cewa akwai matan da sai da kotu ta ƙwato musu mallakar bidiyonsu kafin su iya neman a share? A birnin San Diego aka yi. Wani ɗan New Zealand mai suna Michael Pratt da abokansa suka riƙa sa talla a intanet cewa ana neman 'yan mata masu tallan tufafi. Yawancin waɗanda suka amsa ɗalibai ne, 'yan shekara 18 zuwa 20 da ɗoriya, masu neman kuɗin haya da na makaranta. A saya wa yarinya tikitin jirgi, a kai ta ɗakin otal, sai a nan za a fito mata da ainihin aikin. A rantse mata cewa bidiyon ba zai taɓa hawa intanet ba, faifai ne za a sayar wa wasu 'yan tsiraru a Ostireliya ko New Zealand, babu wanda ya san ta da zai gani. Har wasu mata aka ɗauka haya, a ba ta lambarsu ta kira, su ce mata su ma sun yi kuma ba abin da ya faru. Sannan a miƙo takardu masu shafi da yawa, ana hanzarta ta, ba a barinta ta karanta, wani lokaci an riga an ba ta giya, kayan ɗaukar hoto sun tare bakin ƙofa.

Bayan 'yan makonni bidiyon zai fito a manyan shafuka. Sunayensu na gaskiya suka bazu, aka riƙa tura wa iyayensu da malamansu da abokan karatunsu. Wasu aka kore su daga aiki, wasu suka bar makaranta, wasu danginsu suka juya musu baya, wasu suka yi yunƙurin kashe kansu. Da suka roƙi a cire, sai aka nuna musu sa hannunsu.

Mata 22 suka haɗu suka kai ƙara, aka ɓoye sunayensu. A Janairun 2020 alƙali Kevin Enright ya ce yarjejeniyar da aka gina a kan ƙarya ba ta da tushe, ya ba su diyyar kimanin dala miliyan 12.7, ya kuma mallaka musu bidiyoyin. A Disambar 2021 wata alƙaliyar tarayya, Janis Sammartino, ta faɗaɗa wannan ga mata 402. A tsakanin nan, a Disambar 2020, ɗan jarida Nicholas Kristof ya yi rubutu a jaridar New York Times kan bidiyoyin fyaɗe da cin zarafi da ke babban shafin kamfanin MindGeek na Montreal a Kanada. Cikin kwanaki Visa da Mastercard suka rufe masa hanyar karɓar kuɗi, shi kuma ya goge fiye da rabin bidiyoyinsa, miliyoyi, abin da kukan mata na shekaru bai sa ya yi ba. Kamfanin ya canza suna zuwa Aylo, a Disambar 2023 ya amsa a gaban kotu cewa ya karɓi kuɗi daga harkar su Pratt, ya yarda ya biya tarar dala miliyan 1.8.

Pratt ya tsere daga Amurka tun 2019. Hukumar FBI ta sa shi cikin mutum goma da ta fi nema ruwa a jallo, aka kama shi a Madrid a Disambar 2022, aka mayar da shi San Diego, a Satumbar 2025 aka yanke masa shekara 27. Su kuwa matan, takardar mallakar da kotu ta ba su ta ba su ikon aika wasiƙar neman saukewa ne kawai. Kowane shafi sai an rubuta masa daban, kowane kwafi sai an nemo adireshinsa, wanda ke nufin sai mace ta zauna ta binciko bidiyon kanta, ko ta biya wani ya yi mata. A sauke yau, gobe wani da ya adana a kwamfutarsa ya sake ɗorawa, wani lokaci a shafin da ke ƙasar da umarnin kotun Amurka ba ya isa. Da dama daga cikinsu sun shaida wa kotu cewa sun canza suna, sun bar garuruwansu, wasu har kamanninsu suka sauya don kada a gane su a hanya.